Zumunta a Ƙafa Take: Yawon Buɗe Ido da Cin Abinci a Ƙetaren Kogin Kaduna

Gabatarwa

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata hira da muka yi da wani abokina wanda ya dawo daga karatu a birnin Mancesta ta ƙasar Ingila. Kamar yadda aka saba ga duk wanda ya sha ruwan Turai, bai ko gama hutawa ba sai da ya zaunar da mu ya buɗe mana hotuna. Ga shi nan a wani gidan tarihi da aka yi a harabar tsohuwar tashar jirgin ƙasa wadda aka buɗe tun 1830, ga shi tsaye a gaban injinan saƙa na zamanin da, ga shi kuma tare da wani abokinsa Bature a unguwar Rusholme, inda gidajen abincin mutanen Indiya da Pakistan da Larabawa suka yi jere a bakin titi. Ya ce ran nan tun da hantsi suka fita, ba su koma masauki ba sai bayan lisha, kuma bai taɓa jin daɗin yini irin wannan ba.

Na taya shi murna, sa'an nan na ce masa, "To malam, yaushe rabonka da Kakuri?" Sai ya yi shiru. A Kakuri aka yanke masa cibiya, mahaifinsa kuwa ma'aikacin masaƙa ne. A cikin rikicin shekarar 2000 suka kwashe nasu ya nasu suka koma Rigasa, kuma tun daga lokacin bai sake sauka a unguwar ba, sai dai ya ratsa ta gefenta a mota in za shi Abuja. Watau mutumin da ya ƙetare teku ya je ya kalli tsohuwar tasha da tsofaffin injinan saƙa na wasu, ya kasa ƙetare gada ɗaya ya kalli na garinsu.

Ba don in yi masa dariya na kawo labarinsa ba, domin kuwa ni ma jirgi ɗaya ya ɗauko mu. Ra'ayin da nake so in kare a wannan maƙala shi ne, a Kaduna ta yau, mutum ya ɗauki abokinsa su ƙetare kogi su yi yawon buɗe ido, su zauna su ci abinci a inda ba unguwarsu ba, ya wuce shaƙatawa kawai. Aiki ne na ɗinke gari, kuma ɗalibin Hausa ya fi kowa dalilin yin sa.

Abin da muka gani

Wata ranar Asabar muka tashi daga shataletalen Filin Wasa na Ahmadu Bello, muka taka gadar da ƙafa. Wanda ya saba wucewa a mota bai san faɗin ruwan nan ba. Masana da dama suna ganin daga kadduna, jam'in kada, sunan garin ya samo asali, ko da yake Gbagyi, waɗanda su aka tarar a wurin, suna da nasu bayanin.

Wurin da muka fara yada zango shi ne tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ake kira Kaduna Junction. Duk mai son ya fahimci Kaduna, to daga nan ya kamata ya fara, don dogo ne ya haifi garin. Layin da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911, kuma ta nan ya ƙetare kogin. Ganin ruwa da dogo sun haɗu wuri ɗaya ya sa Gwamna Lugga ya zaɓi wurin, aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. A 1927 kuma aka haɗe layin gabas wanda ya bi ta Kafancan, tashar ta zama mararraba. Ta wannan ƙofa Yarabawa da Ibo da Nufawa da Tibi da Kanawa da Katsinawa suka shigo garin, kowa da akwatinsa da harshensa da irin miyarsa. Tun da aka buɗe sabuwar tashar Rigasa a 2016 hada-hadar matafiya ta koma can, amma gine-ginen da da gidajen ma'aikatan reluwe suna nan suna jiran mai tambaya. Abokina ya daɗe yana kallo, can ya ce, "Wallahi da a Ingila ne, da tuni an kafa allo an rubuta tarihin wurin nan."

Daga nan muka bi ta Makera muka shiga Kakuri, unguwar masaƙu. A 1957 aka buɗe Kaduna Textiles Limited, wadda aka fi sani da KTL, a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na yankin Lankasha a Ingila. Abin lura a nan shi ne, Lankasha ita ce ƙasar masaƙun da Mancesta ta yi suna da su. Ashe injinan da abokina ya je kallo 'yan'uwan waɗanda mahaifinsa ya yi aiki da irinsu ne. Bayan KTL sai Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a cikin shekarun 1960. A nan Kakuri ne aka kafa masana'antar makamai ta ƙasa a 1964, a nan kuma kamfanin Peugeot, wanda muke kira Fijo, ya fara harhaɗa motoci a 1975. Adams Oshiomhole, wanda ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, daga baya ya yi gwamnan Jihar Edo, a Arewa Textiles ya fara aiki, a nan ya koyi gwagwarmaya.

Yau fa? Ƙofofin ƙarfe sun yi tsatsa, ciyawa ta cinye farfajiya. An rufe KTL a 2002, UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: rashin tsayayyar wutar lantarki, da tsadar baƙin mai da kayan gyaran inji bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, da kuma atamfofin fasa-ƙwauri masu araha da suka cika kasuwanni. Abokina ya nuna mini ƙofar da yakan tsaya yana yaro yana jiran fitowar mahaifinsa. Ya ce in jiniyar tashi ta yi kuka, sai ka ga kekuna sun malalo kamar an fasa dam.

Abin da muka ci

Da azahar muka yi salla a wani masallaci a Kakuri Hausa. Na faɗi haka ne don wasu daga cikinmu sun ɗauka babu sauran Musulmi a ƙetaren kogi, alhali kuwa ga su nan a Makera da Kakuri da Nasarawa da Barnawa, suna harkokinsu. Da muka idar, yunwa ta kai mu wata rumfar abinci ta wata dattijuwa. Muka yi sallama, ta ce, "Sannunku da zuwa, yarana, ku zauna." Muka ce, "Mama, me ake da shi?" Ta lissafo mana tuwon acca da miyar karkashi, da sakwara da miyar agushi, da gwaten acca. Muka zaɓi gwaten. An dafa shi da yakuwa da alayyafo da gauta, ga ɗan tsami-tsami, ga zafi; ɗan'uwan faten tsakin da muka sani a Zariya ne, illa dai ƙwayar acca ta fi laushi a baki. Kafin mu tambaya ma ta ce mana, "Kada ku damu, naman nan a wurin mahauta Hausawa nake saye, shekara da shekaru." Ta san abin da ke ranmu, ta kuma sauƙaƙa mana.

Hira ta yi hira, sai ga shi mijinta marigayi ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun, ita kuma a bakin ƙofar ta fara sayar da abinci. Ta ce a lokacin ba ta san addinin masu cin abincinta ba sai in azumi ya kama ta ga ciniki ya ragu. Da abokina ya gaya mata layin da gidansu yake a da, sai ta riƙe haɓa, ta shiga lissafo masa mutanen layin, wane ya rasu, wance ta koma ƙauye, su wane sun ƙaura Tudun Wada. Da muka tashi biya, sai da aka kai ruwa rana kafin ta karɓi kuɗin, tana cewa ɗa ba ya biyan tuwon uwarsa.

Da yamma ta yi muka gangara Barnawa, unguwar da ta yi suna wajen wuraren cin abinci na dare. Muka sami gasasshen kifi da yaji da albasa, muka haɗa da tsire daga wani mai tukuba wanda harshensa ya nuna Bakatsine ne, muka kora da kunun aya. A bencin da muka zauna akwai 'yan mata biyu da suka fito daga koyon waƙar coci, da wani soja, da wani ɗan kasuwa Ibo. Da aka soma musu a kan ƙwallo, da Hausa aka yi shi.

Teburin da aka rasa

To, jama'a, me wannan yini ya koya mini? Ya koya mini cewa a da ba wa'azi ne ya haɗa mutanen Kaduna ba, aiki ne da abinci. Reluwe da bariki da masaƙa sun tilasta wa Bahaushe da Bajju da Bayarabe su tsaya a layi ɗaya, su karɓi albashi rana ɗaya, su ci abinci a rumfa ɗaya. Wanda kuka sa hannu a akushi ɗaya da shi, ko ba ka ƙaunarsa, ka san sunansa, ka san yana da 'ya'ya, ka san ranar da aka yi masa rasuwa. Da injinan suka fara yin shiru, sai teburin ya fara watsewa, samari kuma suka rasa abin yi.

Ana cikin haka rikicin shari'a ya ɓarke a watan Fabrairu da na Mayu na 2000, aka rasa rayuka fiye da 1,000. A Nuwamban 2002 aka sake yin wani a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, mutum fiye da 200 suka halaka, sa'an nan ga na bayan zaɓen 2011. Kowane rikici sai ya tura ayarin masu ƙaura, Musulmi su yi arewa, Kirista su yi kudu, wasu har musayar gidaje suka yi. Ta kai ga ana yi wa ɓangarorin biyu laƙabi da Makka da Urushalima, ana faɗa ana dariya, alhali abin kuka ne. Yanzu ga mu da samari da 'yan mata waɗanda aka haifa bayan an raba garin, waɗanda ba su taɓa zama aji ɗaya ko benci ɗaya da na wancan ƙetaren ba. Abin da suka sani game da juna, ji suka yi, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Turai ɗin da muke sha'awa ma tana da irin wannan darasi. A birnin Mostar na ƙasar Bosniya akwai wata gada da aka gina a 1566 a kan kogin Neretba. An rusa ta da igwa a yaƙin 1993, aka sake gina ta aka buɗe a 2004, har ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya. Baƙi daga ko'ina suna zuwa ɗaukar hoto a kanta, amma sake gina ta bai hana mutanen garin zama kashi biyu ba, Musulmi galibi a gabas, Kirista galibi a yamma. Mu namu gadojin ba wanda ya rusa su, har ƙari aka yi. Abin da ya ragu shi ne masu takawa don ziyara. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce zumunta a ƙafa take. Tun da yake babu sauran masaƙar da za ta tilasta mana zama tare, ya zama dole mu yi da gangan abin da iyayenmu suka yi ba da shiri ba.

Hujjojin masu ja

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Na farko zai ce tsoro. Gaskiya ne, wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ba ni da bakin da zan ce wa wanda ya rasa uba ko gida ya manta. Ban kuma ce a tafi ko'ina a kowane lokaci ba. Ranar da gari ya ɗauki zafi, zaman gida shi ne hankali. Abin da na ce shi ne a tafi da rana, a tafi da wanda ya san wuri, don da ɗan gari kan ci gari. A kuma tuna, yadda ɗan Rigasa yake fargabar Sabon Tasha, haka ɗan Sabon Tasha yake fargabar Rigasa. Kowa yana tsoron mai tsoronsa.

Na biyu zai ce abinci, watau yanka da giya. Wannan ma magana ce, don akwai wuraren da ake sayar da giya, akwai kuma naman da Musulmi ba ya ci. Amma baki ke tambaya, ido ke gani. Kifi da acca da doya da ganye ba su da matsalar yanka, mahauta da masu tsire a can kuwa da yawansu Hausawa ne. Daɗin daɗawa, aya ta 5 a cikin Suratul Ma'ida ta yi magana a kan halaccin abincin ma'abota littafi, malamai kuma sun yi bayanin sharuɗɗansa, mai neman ƙarin haske sai ya tambaye su. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ɗan'uwanmu zai je Ingila ya zauna a gidan abincin da ake shan giya a teburin kusa da shi, ya zaɓi abin da ya halatta gare shi ya ci, ya dawo yana ba da labari, amma a Barnawa sai ya ce addini ya hana shi.

Na uku shi ne mai hujja mafi nauyi. Zai ce ai waɗanda suka far wa juna a 2000 sun daɗe suna cin abinci tare, me cin ya hana? Na yarda cewa kwanon gwate ba zai magance rashin aikin yi ba, ba zai hana 'yan siyasa ingiza matasa ba, ba zai maye gurbin adalci ba. Sai dai a tambayi duk wanda ya tsira a kwanakin nan. Da yawansu za su ce maƙwabci ne ya ɓoye su a ɗakinsa, ko abokin aiki ne ya raka su bariki. Sanayya ba ta hana wutar tashi ba, amma ta fitar da mutane da yawa daga cikinta. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suke jagorantar samari masu gaba da juna, sai da aka haɗa su ido da ido a 1995 kafin su zama abokan aikin sulhu da duniya ta sani. Abin tambaya shi ne, in aka sake samun fitina, Allah ya kiyaye, wa zai ɓoye wa, tun da ba wanda ya san wani?

Rabon ɗalibin Hausa

Na ce ɗalibin Hausa ya fi kowa dalilin ƙetare gadar nan, ga kuwa hujjata. Harshen da muke nazari shi ne harshen kasuwar Kakuri da tashar Television da ta Sabon Tasha. Da shi Bajju yake ciniki da Atyap, da shi Ham yake gaisawa da Gbagyi. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma har gobe akwai majami'u da dama da suke wa'azi da waƙa da ita. Hausar can tana da nata kamanni: sau da yawa ba a bambanta jinsin namiji da na mace, har a ce "mata na ya zo," kuma ƙ da ɗ da ɓ sukan koma k da d da b. Mun saba mu yi wa wannan dariya mu ce gurɓatacciya ce. Manazarci ba dariya ce aikinsa ba. Aikinsa ya saurara, ya rubuta, ya gano ƙa'idar abin, ya kwatanta shi da Barikancin sojoji da kuma karin harshen Kano ko na Sakkwato. Kullum muna alfahari cewa Hausa ta zama harshen miliyoyin da ba Hausawa ba, amma kundayen digirinmu nawa ne suka je suka saurari waɗannan miliyoyin?

Akwai kuma ladabin da yini ɗaya ya koya mini. Sunayen da muka gada muna kiran mutane da su, irin su Kaje da Kataf da Jaba da Gwari da Kadara, masu su sun fi son a ce Bajju da Atyap da Ham da Gbagyi da Adara. Wanda ya zauna a rumfar mutum ya ci abincinsa, zai ji nauyin kiransa da sunan da ba ya so.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Ta farko, ƙungiyar ɗaliban Hausa ta sa ziyarar kudancin Kaduna a cikin tsarinta na shekara, kamar yadda ake zuwa Gidan Makama a Kano ko Kusugu a Daura, a kuma gayyato ɗaliban can su zo a kai su Tudun Wada su ci masa su sha fura. Ta biyu, malamanmu su ƙarfafa wa masu rubuta kundi gwiwa su ɗauki batutuwa irin su Hausar majami'a, da sunayen abinci, da kalmomin ma'aikatan masaƙa da na reluwe, a naɗi muryoyin tsofaffin ma'aikatan tun suna raye. Ta uku, hukuma ta keɓe ko da zaure ɗaya ne a cikin tsofaffin masaƙun, ko wani sashe na tsohuwar tasha, a mai da shi gidan tarihi, tun kafin 'yan gwangwan su gama sayen tarihinmu a kan sikeli.

Kammalawa

Da za mu koma, bayan magariba, mun sake taka gadar da ƙafa. Abokina yana riƙe da ƙullin acca da dattijuwar nan ta ba shi ya kai wa mahaifiyarsa. Bayan kwana biyu ya gaya mini cewa da tsohuwar ta kwance ƙullin ta ji daga inda ya fito, ta daɗe ba ta ce komai ba, daga bisani ta tambaye shi ko matar tana nan da ƙoshin lafiya, ta kuma ce in zai koma ya gaya mata, tana da saƙo.

Ban hana kowa zuwa Turai ba, tafiya mabuɗin ilmi ce. Roƙona ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, kafin mutum ya nemi biza, ya fara biyan kuɗin Keke Napep ya ga rabin garinsu da bai sani ba, ya zauna ya ci abin da aka dafa a can, ya gaida mai abincin da sunan da take so. Allah ya zaunar da Kaduna lafiya, ya sa mu dace, amin.